Ya Ba Tsohuwar Budurwarsa Shafi Arba'in, Ni Kuma Shafi Biyu

Assalamu alaikum Goggo. Ina rubuto miki daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ina roƙon a sakaya sunana. Shekarata 27, aurenmu shekara takwas, 'ya'yanmu uku. Maigidana malamin firamare ne, da damina kuma yana noma gero da riɗi. Ba ya zagi, ba ya duka, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Mutum ne mai son karatu, yana da adaka cike da tsofaffin littattafan hikaya, na Hausa da na Turanci, tun yana kwaleji. Wata biyu da suka wuce ina neman katin rigakafin autana na buɗe adakar, sai na tarar da littafin rubutu guda biyu cike da rubutun hannunsa. Na gama sakandare, karatu ba ya ba ni wuya. Labari ne na wani mutum da mata huɗu da suka ratsa rayuwarsa. Ta farko ya ba ta shafi fiye da arba'in: yadda suka haɗu a bakin rijiya, dariyarta, wushiryarta, da yadda wani mai fataucin shanu ya kasa shi. Ya canja mata suna, amma duk wanda ya san garinmu zai gane ta. Tana nan da aurenta, 'ya'yanta biyar, muna haɗuwa a gidan biki da gidan suna. Ta ƙarshe ita ce matar da ya aura, wato ni. Shafi biyu. Ya ce tana da haƙuri, ta iya tuwo, mahaifiyarsa ce ta zaɓa masa. Shi ke nan.

Tun ranar abinci ba ya shiga. Ban gaya masa ba, in ya tambaya sai in ce ciwon kai ne. Na ji yana gaya wa abokinsa zai sa a buga labarin a waya a tura wani zauren marubuta na WhatsApp. Yayata ta ce in ƙona littafin. Ƙawata ta ce in kai wa mahaifiyarsa, ko in tafi gida sai ya zo biko. Ni dai tambaya ɗaya ke ci na: shekara takwas ɗin nan da wa yake zaune, da ni ko da ita?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Na cire wasu bayanai daga wasiƙarki don kada a gane garin. Sau uku na karanta ta, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa: tana da haƙuri, ta iya tuwo. Mace ta yi shekara takwas, ta durƙusa sau uku, ta yi surfe ta yi daka, ta yi dabarar da albashin malamin firamare zai kai ƙarshen wata, sannan a dunƙule ta a layin da ko 'yar aiki za a iya rubuta wa. Dole ya yi ciwo, kuma kada wani ya ce miki rashin tawakkali ne. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da bakinta ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Nana Khadija ba, alhali ba su taɓa zama tare ba, saboda yawan ambatonta da Annabi (SAW) yake yi. To in ambaton wadda ta riga ta rasu ya taɓa zuciya irin wannan, ina ga wadda kike gaisawa da ita a gidan suna?

Amma mu ajiye ciwon a gefe tukuna mu ƙirga abin da ke hannunmu. Littafin rubutu biyu ne. Ba ki ce kin ga wasiƙa ba, ba ki ce kin ga lambarta a wayarsa ba, ba ki ce an gan shi yana bi ta ƙofar gidansu ba gaira ba dalili ba. A ƙauye kuwa, da yana yi, da labari ya iso ki tun kafin ki buɗe adaka, don masu kawo irin wannan labarin ba sa jira a aike su. A ɗaya hannun akwai shekara takwas na mutumin da ke kwana a gidansa, yake cika rumbunsa, kuma har ya lura kin canja yana tambayar me ya same ki. Ban ce wannan ya goge wancan ba. Cewa na yi a ɗora su a sikeli ɗaya.

Yanzu bari in gaya miki wani abu game da adakar nan, don ni ma na yi zamanin karanta irin abin da ke cikinta, har an sha ƙwace mini littafi a aji. Labarin namiji da matan da ya so tsohon salo ne a adabin duniya, kuma yana da wata ɗabi'a da ba kasafai take canjawa ba: wadda ta kuɓuce ita ke cinye shafuka. Tun zamanin mawaƙan Larabawa al'ada ce a buɗe ƙasida da kukan masoyiyar da ta yi ƙaura. Ki tambayi duk malamin zaure da ya karanta Banat Su'ad ta Ka'abu ɗan Zuhairu: waƙar yabon Manzon Allah ce, a gabansa aka rera ta a Madina, amma baitocin farko kuka ne a kan tafiyar wata Su'adu. A Italiya an yi wani mawaƙi, Dante, wanda ya rasu a 1321, har yau Turawa suna sa shi a sahun farko. Ya ga wata yarinya, Beatrice, tun suna yara, ta auri wani, ta rasu a 1290. Ya cika rubuce-rubucensa da ita, har ya mai da ita jagorarsa zuwa Aljanna a babbar waƙarsa. Matarsa Gemma, uwar 'ya'yansa, ko sunanta bai fito a waƙoƙinsa ba. Ke kin samu shafi biyu, ita ko layi ɗaya ba ta samu ba. Ba don in ba ki dariya na faɗa ba, ko da yake in kin murmusa ba laifi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Labari da rashi yake rayuwa. Sai an hana, sai an raba, sai mai kuɗi ya shigo, sannan alƙalami ke samun abin kamawa. Ki tuna littattafan soyayyar da aka yi ta sayarwa a kasuwannin Kano tun daga shekarun 1980: ana ɗaura aure littafi ya ƙare, in kuwa marubuci yana son na biyu sai ya kawo kishiya ko muguwar uwar miji. Zaman lafiya ba ya cika shafi. Malam ya sha irin waɗannan littattafai tun yana saurayi, da ya ɗauki biro sai hannunsa ya bi inda ya ga an saba bi, kamar shanun huɗa a kan kunyar bara. Ki ƙara da kunyarmu ta Hausa. Namijin da zai iya rubuta wushiryar budurwar da ta wuce, sai ki ga hannunsa ya yi nauyi in ya zo kan matar da ke ɗakinsa, domin wannan tasa ce, sirrinsa ce, kuma ya san abokai za su karanta. Mazanmu da yawa ko sunan matansu ba sa iya kamawa a gaban mutane. Ina zaton wani kaso na gajartar shafi biyun nan daga nan ya fito. Wani kason kuma, gaskiya, sakaci ne irin na wanda ya saba da alheri har ya daina ganinsa.

Kin tambaye ni da wa yake zaune. Yarinyar da ke cikin littafin nan shekararta goma sha bakwai ko kusa da haka, tana tsaye a bakin rijiya, ba ta taɓa tambayarsa kuɗin cefane ba, ba ta taɓa tashinsa tsakar dare yaro na zazzaɓi ba. Wannan yarinyar babu ita a duniya yanzu. Wadda ke akwai uwar 'ya'ya biyar ce mai nata ciwon baya da nata lissafin. Wani shahararren marubucin Ingila, Charles Dickens, ya so wata Maria yana saurayi talaka, iyayenta ba su yi na'am da shi ba, abin ya watse. Ya riƙe ta a zuciya fiye da shekara ashirin, har ya zana ta a littafinsa. A 1855 ta rubuto masa, ya rikice da murna, suka haɗu. Da ya ga matar da shekaru suka mayar da ita, take wutar ta mutu, har ya riƙa zille mata. Ashe ƙuruciyarsa yake kewa, da mutumin da ya zaci zai zama. Ina kyautata zaton Malam ma abin da ya fi ci masa rai a shafi arba'in ɗin nan shi ne ranar da aka nuna masa aljihunsa bai kai ba. Ki sake tunawa da abin da kika karanta: nawa ne a ciki game da ita, nawa ne game da yadda aka kasa shi? Talaka ba ya mance wanda ya kasa shi da kuɗi.

Sai dai ba zan rufe miki rabin labarin ba. Dickens ɗin nan, shekara uku bayan haka, a 1858, ya rabu da matarsa da ta haifa masa 'ya'ya goma. Wato mutumin da ya saba ciyar da zuciyarsa da hoton wata, yana iya wayar gari ya ga ta gida ba ta cika masa ido, ko da waccan ɗin ba ta nan. Shi ya sa ba zan ce miki ki share ba, tatsuniya ce. Ba a tabbatar da cin amana ba, amma an ga tsaga a bango, kuma kin san wanda ke shiga in bango ya tsage.

Kafin mu je kansa, akwai naki. Buɗe adaka neman kati ba laifi ba ne. Zama a karance littafi biyu daga farko har ƙarshe, wannan ya wuce neman kati. Allah Ya hana bin diddigin sirrin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12. Na san da wuya a samu macen da za ta ga wushiryar wata a rubutun mijinta ta rufe ta ajiye, ni ma ban rantse zan iya ba. Amma in kin zo yi masa magana da wannan za ki fara, don in ba ki fara da shi ba shi zai fara, sai zancen ya koma kan waye ya taɓa adakar wa, a bar ainihin maganar. Sannan ciwon kan ƙarya na wata biyu ya isa haka. Mutum yana tambayarki, kina rufe masa ƙofa, yana can yana nasa saƙe-saƙen. Wa ya sani ko yana zaton wani abu ya ji daga gidanku?

Shawarar yayarki ta ƙonawa, ki bar ta. Labarin yana kansa, zai sake rubutawa cikin sati biyu, wannan karon a ɓoye, kuma matar da ke cikin sabon ba za a ce tana da haƙuri ba. Za ki ba shi abin da marubuci ya fi so, wato zalunci da aka yi masa. Kai wa mahaifiyarsa ya fi wannan haɗari. Tsohuwa ba za ta karanta da kanta ba, sai ta kira wani jika ko wata 'ya ta karanta mata, kafin magariba mutum biyar sun ji, kafin Juma'a zancen ya kai gidan da bai kamata ya kai ba. Kuma ki tuna ita ta zaɓo ki. Za ta ji kamar ita aka tuhuma, ta sauke fushinta a kansa, shi kuma ya dawo da shi ɗakinki. Yaji kuwa, in kin je gida me za ki ce wa Baba? Dole ki faɗi dalili, dalilin kuma da sunan matar wani a ciki.

Nan ne na fi so ki tsaya, domin a duk wannan lamari wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce wadda ba ta san ana yi ba. Na san a yanzu ba ki da sararin tausaya mata, amma ki gwada. Me ta yi miki? An neme ta tana budurwa, iyayenta suka ba wani, ta zauna a ɗakinta. Ba ta aiko a rubuta ta ba. Ranar da labarin nan ya shiga WhatsApp, ya fita daga hannun Malam har abada. Zauren marubuta ba ɗaki ba ne mai ƙofa. Wani zai tura wa wani, wani ɗan garinku da ke Kano ko Legas zai gani ya ce ai wannan wance ce, ya turo gida. A birni ana iya ɓacewa cikin jama'a. A garin da rijiya ɗaya ce, masallacin Juma'a ɗaya, mai fataucin shanun da ya auri mai wushirya shi ma ɗaya ne, canja suna wasan yara ne. Mijinta zai tambaye ta abin da ba ta da amsarsa. 'Ya'yanta mata za su girma a nemi aurensu, a tuna. Annabi (SAW) ya ce ba ya cikinmu wanda ya ɓata tsakanin mace da mijinta, kuma ana iya ɓatawa ba da niyya ba. In kuma a labarin akwai wani abu da ya wuce zance a dandali, ko da ƙirƙira ce don daɗin karatu, to an doshi ƙazafi, wanda Suratun Nur ta yanka wa bulala tamanin. Abin da zuciya ta raya, hadisi ya tabbata an yafe shi matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Rubutu a watsa kuwa furtawa ne da lasifika.

Littattafan da Malam yake so su da kansu sun faɗi haka, in zai duba. Kowa ya san Majnunu Laila, ana kawo shi misalin so. Amma a yadda labarin ya zo, abin da ya sa mahaifin Laila ya hana Ƙaisu, wato Majnunun, ita shi ne ya bazar da sunanta a waƙa, Larabawa kuwa suna ganin abin kunya ne a aurar da yarinya ga wanda ya yi haka. Shi ya samu suna har yau, ita ta samu auren da ba ta so da tsegumin dangi har ta mutu. A Jamus, a 1774, wani marubuci, Goethe, ya fitar da labarin saurayin da ya so matar wani, ya gina shi a kan wata mace ta gaske, Charlotte, da mijinta, waɗanda abokansa ne. Littafin ya zagaye Turai, aka gane su, ransu ya ɓaci, sai haƙuri ya koma ba su. Nan gida ma, Jiki Magayi, cikin littattafan farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930, labarin saurayi ne da attajiri ya raba shi da budurwarsa. Ya ƙi haƙura, ya bi hanyar ramuwa, kuma wanda ya fi kowa ɗanɗana kuɗar shi ne yaron da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. In littafin yana cikin adakar, to Malam ya san wannan sarai.

Don haka maganar ba ta jira, ki yi ta kafin a buga a waya. Ki zaɓi dare bayan yara sun yi barci, ba ranar da ya dawo daga gona a gajiye ba, ba kuma ƙarshen wata da aljihu ya bushe ba. Ki ci abinci tukuna, mai yunwa ba ya iya tauna magana. Ki ce masa wani abu kamar haka: Malam, na yi maka laifi, ina neman kati na ga rubutunka, na karanta ba da izininka ba, ka yafe mini. Ciwon kan da nake cewa, shi ne. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Zai iya yin fushi, zai iya yin dariyar borin kunya ya ce ai ƙage ne. Kada ki shiga gardamar ƙage ne ko gaskiya ne, ba za ki ci ba. Ki ce kin yarda labari ne, amma ke da kika karanta kin gane ta tun shafi na uku, kuma duk ɗan garin nan zai gane. Ki roƙe shi kada ya fitar da shi a yadda yake. Ki lura, ban ce ki ce ya daina rubutu ba. Mutumin da ke koyar da yara da rana, ya yi noma da yamma, ya zauna da tocila da dare yana rubutu, baiwa ce Allah Ya ba shi, kuma in kika nemi kashe ta zai ɗauke ki abokiyar gaba. Abin da za ki nema shi ne ya sauya labarin har ya zama ba na kowa ba: a ɗauke shi daga ƙauye irin naku, a cire wushirya, mai shanu ya koma wani abu dabam, a haɗa halayen mata biyu a mace ɗaya. Marubutan kirki haka suke yi, kuma sau da yawa labarin ya fi kyau in an sake shi daga igiyar abin da ya faru. In yana son masu gyara masa, akwai Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda ake kira ANA, tana da rassa a jihohi, a can zai samu waɗanda suka san wannan matsala tun kafin shi.

Maganar shafi biyu kuma, kada ki haɗa ta da waccan a dare ɗaya in kin ga ya ɗau zafi. Amma kada ki binne ta. Ki tambaye shi yaushe ya rubuta wannan ɓangaren, don mai yiwuwa tun farkon aure ne, lokacin da bai san ki ba sai a bakin mahaifiyarsa. Mai yiwuwa kuma bai gama ba, nan biro ya tsaya. Sannan ki gaya masa a fili, ba da habaici ba, cewa ya yi miki zafi ki ga haƙuri da tuwo kaɗai ya gani a wurinki. Mu mata mun iya habaici, mu yi waƙa muna daka, mu saki magana a tsakar gida, mu zaci an gane. Ba a ganewa, 'yata. Ni kuma zan tambaye ki: me ya sani game da ke? Ya san abin da kika so ki zama lokacin da kike sakandare? Ya san kina iya karance littafi biyu a zama ɗaya? Auren da iyaye suka haɗa sau da yawa yana tsallake zance, a tashi daga gaisuwa a faɗa cikin hidimar yara, shekara takwas ta wuce ba a taɓa hira ba sai ta gishiri da kuɗin makaranta. Waccan ta samu zance a dandali, ke ba ki samu ba. Ba a makara ba. Ki ce ya ba ki ɗaya daga littattafan adakar ki karanta, ki gaya masa ra'ayinki, ki ce masa wannan jarumin ya cuci matarsa, ku yi musu. Marubuci ba shi da abin da yake ƙishirwa kamar mai karatu, ga shi Allah Ya ajiye masa ɗaya a ɗaki bai sani ba. In kuma hannunki na ƙaiƙayi, ki sayi naki littafin rubutun a kasuwa. Sashen Hausa na BBC yana da gasar Hikayata ta gajerun labarai, ta mata zalla, tun 2016. Labarin matar da aka ba shafi biyu, daga bakinta, ni dai zan so in karanta, in dai kin kiyaye sharaɗin da kika gindaya masa.

To in ya ƙi fa? In ya ce littafinsa ne, sai ya watsa a yadda yake, sai ki nemi mutum ɗaya, namiji, mai riƙe sirri, wanda Malam ke jin nauyinsa. Abokin nan da ya gaya wa zancen bugawa ya riga ya san da labarin, in mai hankali ne shi ya fi sauƙi. In ba haka ba, wansa ko kawunsa, ko liman in kin san ba mai kai zance majalisa ba ne. Ko a wurinsu kada ki kama sunan matar, ki ce akwai rubutun da zai iya taɓa auren wasu. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 35, ya ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. Bai ce a tara gari ba. In kuwa a cikin maganar ko bayanta kika ga abin da ya wuce tawada, kamar kiran waya a ɓoye, ko aike, ko ya fara gwada ki da ita a baki, to wannan wata magana ce dabam, lokacin ne waliyyinki zai shigo, kuma ki sake rubuto mini.

Ita kuma, in kun haɗu a gidan biki, ki gaishe ta kamar kullum. Kada fuskarki ta ba da labarin da bakinki ya rufe, mata suna karanta fuska fiye da littafi. Yayarki da ƙawarki, tunda sun riga sun ji, ki koma ki roƙe su su bar shi a cikinsu, ki ce musu kun daidaita ko da ba ku gama ba.

Rashin cin abincin nan ya dame ni, musamman in kina shayarwa. In kun yi magana amma barci da ci ba su dawo ba bayan sati biyu ko uku, ki je asibiti ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya gaskiyar abin da kike ji, ba ciwon kai ba. Kuma ba ki gaya mini ko kin samu katin rigakafin ba. In bai fito ba, ki ɗauki autan ki kai shi inda aka fara yi masa, su duba rajista, kada allurar ƙyanda ta wata tara ta wuce shi saboda adakar babansa. Ki shafa mini kansa.